Wa zai haɗa maka CV: mai shagon kwamfuta, kai da wayarka, Canva, ƙwararre ko ChatGPT?

Wata ƙanwata, 'yar kawuna, ta dawo gida Katsina bayan ta gama hidimar ƙasa. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi digirinta. Ran nan da la'asar ta same ni da waya a hannu, ta ce, "Yaya, talla uku na gani. Wata makarantar kuɗi tana neman malamai, wata ƙungiyar agaji tana neman masu tattara bayanai a ƙauyuka, sai kuma wani banki. Duk CV suke so. Ƙawata ta ce in je shagon kwamfuta, wata ta ce in yi a Canva, mijin Anti kuma ya ce ChatGPT zai gama min kafin in shanye shayi. Wanne zan bi?"

Na taɓa zama cikin kwamitin tantance masu neman aikin koyarwa a wata makaranta a nan cikin gari, na ga abin da kowace hanya take haifarwa idan takarda ta iso kan tebur. Abin da na faɗa mata shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Abin da za a auna da shi

CV gajarta ce ta kalmomin Latin guda biyu da ke nufin tafiyar rayuwa, amma mai ɗaukar aiki ba tarihinka ya dame shi ba. Tambaya ɗaya ce a ransa: wannan zai iya aikin da na tallata? Shi ya sa CV ɗaya ba ya wadatar da talla uku. Makaranta tana son ganin ajin da ka riƙe da darasin da ka koyar. Ƙungiyar agaji tana son ganin ka taɓa shiga ƙauye da takardar tambayoyi, kana jin harshen mutanen wurin. Banki kuwa idonsa na kan shekarunka, matakin digirinka da yadda kake mu'amala da kuɗi da jama'a.

Daga nan ma'auni huɗu suka fito. Na farko kuɗi, kuma ba na ranar farko kaɗai ba, har da na duk ranar da za ka koma gyara. Na biyu ɗorewa: fayil ɗin yana hannunka, za ka iya buɗe shi bayan shekara biyu ka ƙara sabon aiki, ko sai an sake daga tushe? Na uku sauƙi, wato lokacin da zai ci, na'urar da yake buƙata, da ƙarfin Turancin da yake nema a wurinka. Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa kuskuren bugu, fitar bayananka na sirri, da shigar ƙarya cikin takardar da ke ɗauke da sunanka.

Akwai wani haɗari da mutane da yawa ba su san da shi ba. Bankuna, kamfanonin sadarwa da manyan ƙungiyoyin agaji sukan karɓi takardu ta shafinsu na intanet, inda wata manhaja da ake kira ATS take fara zare rubutun CV ta jera shi a rumbu, sannan ma'aikaci ya bincika da kalmomin da ke cikin tallar. Wannan manhaja rubutu take karantawa. Hoton takarda, rubutun da aka cusa cikin akwatuna da shafin da aka raba gida biyu sukan rikita ta. Saboda haka kafin ka zaɓi hanya, ka san wa zai fara karanta takardarka, mutum ko na'ura.

Shagon kwamfuta

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma ba ta mutu ba. Duk inda ɗalibai ko ma'aikata ke taruwa, bakin kwalejin Hassan Usman ne, ko FCE, ko kusa da sakatariya, za ka tarar da masu buga takardu. Ka ba da bayananka, a buga, a fitar maka a farar takarda A4, ka biya ka tafi. Kuɗin ba ya da yawa, yakan tsaya tsakanin ɗaruruwan naira zuwa 'yan dubbai kaɗan, gwargwadon yawan shafi da ko akwai wuta ko janareto aka tayar. Ga wanda ba ya da kwamfuta kuma gobe ake rufe karɓar takardu, babu abin da ya kai shi sauƙi.

Matsalar tana cikin yadda ake aikin. Mai shago ba ya fara rubutu daga farar takarda. Tsohon CV na wani yake buɗewa, ya goge sunansa ya sa naka. A zaman tantancewar da na ambata, takardu da dama sun zo da jimla iri ɗaya a sama, waccan mai cewa mutum yana son aiki da "existing staff and facilities", har muka daina karanta wurin. Abin sha'awar kowa karatu ne da tafiye-tafiye. Wata baiwar Allah ta kawo CV da aka rubuta mata jinsi namiji. Wani kuma takardar shaidarsa ta ɗan asali ta nuna wata ƙaramar hukuma, CV ɗinsa ya nuna wata daban, ta mutumin da aka goge. Ba ƙarya ya yi niyya ba, amma kwamiti ba ya da lokacin binciken niyya.

Sai batun suna, wanda ya fi damun mu 'yan Arewa. Muhammad ne a takardar WAEC, Mohammed a digiri, mai shago kuma ya buga Moh'd. Wata Hauwa'u ce a wani wuri, Hauwa a wani. Wani ya ƙara sunan garinsu, Kankiya ko Mashi, a wata takarda, bai sa a wata ba. Mai bugu bai san wanne ne daidai ba, kai ka sani. Ka tsaya a kansa ya rubuta sunan kamar yadda yake a babbar takardar karatunka.

Ta fuskar ɗorewa, a nan wannan hanya ta fi rauni. Yawancin mutane takarda kawai suke ɗauka su bar fayil a kwamfutar shago. Bayan wata uku ka dawo gyara, an wanke kwamfutar, ko yaron da ya buga ya bar aiki. Mai hankali yakan ce a turo masa fayil ɗin Word da na PDF ta imel ko WhatsApp tun yana tsaye, sannan a goge na shagon a gabansa. Ka tuna abin da ke ciki: lambar wayarka, ranar haihuwa, adireshin gida, da lambobin manyan mutanen da suka amince su tsaya maka. Kuma kada ka yarda a ɗauki hoton takardar da aka buga a ce shi za ka tura ta intanet. Ido zai karanta shi, na'ura ba lallai ba.

Kai da kanka, a Word ko Google Docs

Zuwa da kai ya fi aike. Wannan ita ce hanyar da ta fi wahala a makon farko, ta fi sauƙi a duk shekarun da za su biyo baya. Ba sai da kwamfuta ba. Google Docs kyauta ne ga duk mai adireshin Gmail, yana aiki a waya, yana adana fayil cikin gigabayit 15 da Google ke ba kowa, kuma yana fitar da PDF ko Word. Akwai Word na waya da WPS Office su ma. Kuɗin da za ka kashe na data ne da na fitar da takarda idan an buƙaci a kai da hannu. Ko wayar ta faɗa ruwa, CV yana nan.

Wahalar ba ta danna waya ba ce, ta tunani ce. Sai ka zauna ka tambayi kanka: me na taɓa yi? Ƙanwata da farko cewa ta yi ba ta da komai sai hidimar ƙasa. Da muka tona, sai ga koyarwa a Islamiyyar unguwa shekara biyu, ga aikin wucin gadi na zaɓe inda ta riƙe na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ga zagayen rigakafin shan inna gida-gida, ga riƙe littafin shagon POS na yayanta duk lokacin hutu. Babu mai shagon kwamfuta da zai tono mata waɗannan, don bai san ta ba. Kuma su ne ainihin abin da ƙungiyar agaji da banki ke nema: shiga gidaje, aiki da na'ura, riƙon amanar kuɗi.

Yadda ake rubuta su shi ne rabin aikin. A ce "na koyar a sakandare lokacin hidimar ƙasa" magana ce da dubban mutane za su iya faɗa. A ce wane darasi, waɗanne azuzuwa, ɗalibai nawa, me ka ƙara da ba ka tarar ba, wannan naka ne kai kaɗai. Lamba ta fi yabon kai nauyi, muddin ta gaskiya ce. A fara da aiki ko karatu na baya-bayan nan, a gangara zuwa na da. Sabon mai digiri shafi ɗaya ya ishe shi, mai shekaru a aiki ya tsaya a biyu. Rubutu baƙi a kan fari, shafi ba rabe ba, kanun sassa a fili. Malami ya sa rajistarsa ta TRCN, hukumar rajistar malamai, inda ido zai fara sauka, ma'aikaciyar jinya ta sa lasisinta, injiniya ya sa rajistarsa ta COREN, hukumar injiniyoyi, idan yana da ita. Matsayin hidimar ƙasa ya fito sarai: an kammala a shekara kaza, ko an samu takardar yafewa saboda mutum ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu.

Wani abu da 'yan Katsina ke raina wa kansu shi ne harshe. Hausa, Fulatanci da Larabci duk a rubuta su. Wanda ya tashi wajen Jibiya ko Mai'aduwa, yana shiga Maraɗi ko Damagaram har ya tsinci Faransanci, yana riƙe da abin da masu aikin kan iyaka ke nema ruwa a jallo.

Haɗarin wannan hanya biyu ne. Mutum ba ya ganin kuskuren rubutunsa, kuma ƙaramin allon waya yana ɓoye karkacewar layi. Maganinsu a fitar da shafin a takarda sau ɗaya, a ba wani mai ƙarfin Turanci ya bi shi da biro. Adireshin imel ma a duba. Wanda aka buɗe tun ana aji uku da laƙabin samartaka, a bar shi wa abokai, a buɗe sabo da suna na gaskiya.

Canva da ire-irensa

Canva manhajar zane da tsara takardu ce a intanet, kuma kyau kam akwai shi. Akwai samfura na kyauta masu yawa, waɗanda aka yi wa alamar kambi kuwa sai mai biyan kuɗin wata. Fayil yana zaune a asusunka, don haka ɗorewarsa ba laifi, sai dai yana cin data, kuma ƙara layi biyu kan iya rusa tsarin shafin gaba ɗaya.

Kyan ɗan maciji ne ga mai tura takarda ta shafin intanet. Yawancin samfuran sun raba shafi gida biyu, da hoto, da 'yan alamomi, da sanduna masu nuna wai ƙwarewarka a manhajar lissafi ta Excel ta kai kashi 90. Kashi 90 na me? Ga gwaji mai sauƙi: buɗe PDF ɗin, kwafi dukkan rubutun, ka zuba shi a wurin rubuta saƙo. Idan ya fito a hargitse, makaranta ta shiga cikin lambar waya, to akwai yiwuwar haka na'urar tantancewa za ta gan shi. Mai zanen talla, mai ɗaukar hoto ko mai kula da shafukan sada zumunta na kamfani, shi kam Canva ta dace da shi, don takardar kanta shaidar sana'arsa ce.

Ƙwararren mai rubuta CV

Ana samunsu a LinkedIn, Facebook da WhatsApp, kuma su ne mafi tsada, daga dubbai zuwa gomman dubbai. Na ƙwarai yana da alama ɗaya: zai yi maka tambayoyi har ka gaji, ya nemi ganin tallar aikin, sannan ya ba ka fayil ɗin Word da damar gyara. Wanda ya ce turo tsohon CV da kuɗi, ka karɓa nan da awa ɗaya, mai shagon kwamfuta ne da ya ƙara farashi. Wanda kuma ya haɗa da alkawarin "akwai gurbi a hannuna", ka riƙe kuɗinka.

Ga sabon mai digiri ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba, abin da zai rubuta bai kai a yi hayar alƙalami ba. Amma wanda ya shekara goma yana aiki a ma'aikatar jiha, yana son tsallakawa ƙungiyar ƙasa da ƙasa, yana iya amfana ƙwarai. Harshen aikin gwamnati daban, na waɗannan ƙungiyoyi daban, kuma wanda ya san duka biyun ya cancanci ladansa.

ChatGPT da sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ya zama abokin shawarar masu neman aiki. Akwai na kyauta, yana da sauri, yana gyara Turanci, kuma idan ka ba shi talla zai nuna maka kalmomin da mai aikin ya fi nanatawa. A waɗannan ba ni da ja.

Inda ake faɗawa rami shi ne a ce masa "rubuta min CV na mai digirin kaza" ba tare da an ba shi komai ba. Ba zai ce bai san ka ba. Zai cike gurbin da abin da ya ga ya dace: ƙwarewar da ba ka da ita, nasarori masu lambobi da ba su taɓa faruwa ba, Turancin da kai kanka sai ka duba ƙamus. Takardar za ta iya kai ka gaban kwamiti, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga wani matashi da CV ɗinsa ya ce ya ƙware a wata manhajar lissafin bayanai, aka ce ya faɗi abu ɗaya da ya taɓa yi da ita, sai ya hau kallon fanka. Da bai sa ba, da ba a tambaye shi ba, kuma sauran takardunsa sun isa su ba shi aikin.

Hanyar da ta fi ita ce ka rubuta naka tukuna, ko da Turancin ya karye, sannan ka ce ya gyara harshe kawai, kada ya ƙara komai. Duk jimlar da ba za ka iya bayaninta da bakinka ba, goge ta. Kada ka zuba masa lambar NIN, BVN ko lambobin masu tsaya maka. NIN da BVN ma ba su da wuri a CV tun asali. Kuma ka kwashe rubutun ka adana a Word ko Google Docs, don hira da manhaja ba ma'ajiya ba ce.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Shagon kwamfuta | Kaɗan, amma duk gyara da kuɗinsa | Rauni, sai in ka karɓi fayil | Sosai | Ragowar bayanan wani, fitar sirri |
| Word ko Google Docs | Data kawai | Mafi ƙarfi | Wahala da farko | Kuskuren da ba ka gani |
| Canva | Kyauta ko kuɗin wata | Matsakaici | Matsakaici | Na'ura ta kasa karantawa |
| Ƙwararre | Mafi tsada | Da kyau, in ya ba da Word | Sauƙi, amma da jira | 'Yan damfara |
| ChatGPT | Akwai na kyauta | Sai an adana a wani wuri | Sosai | Ƙarya mai kyan lafazi |

Wa ya dace da wanne

Mai neman aikin gwamnati, na jiha ko na tarayya, ya sani cewa sau da yawa fom ɗin da ya cike a shafin hukuma da takardun shaidarsa sun fi CV tasiri. A nan ana son jiha, ƙaramar hukuma daga cikin 34 ɗin da muke da su, da ranar haihuwa, saboda tsarin raba guraben aiki daidai tsakanin yankuna. Shagon kwamfuta ya wadatar, in dai ya zauna kusa da mai bugu yana duba kowane layi da takardunsa a hannu.

Mai neman koyarwa a jami'a ko kwaleji, a Katsina ne, Dutsin-Ma ko Daura, ya manta da dokar shafi biyu. Tallar kanta takan jera abin da ake so bi da bi, har da rubuce-rubucen da aka wallafa, masu tsayawa uku da yawan kwafin da za a kai. Wannan sai Word, kuma sai da hannunsa, don babu mai bugun da zai jera masa sunayen maƙaloli ba tare da ya ɓata ba.

Mai harin banki, kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji ya rubuta da kansa a tsari mara ado, ya sa ChatGPT ya goge masa Turanci, ya sauya 'yan layukan sama ga kowace talla. Addini, ƙabila da batun aure ba sai ya sa ba idan ba a tambaya ba. Mai tura takarda Ingila ko Amurka ya cire hoto da ranar haihuwa, can ba a saba sa su ba. Mai nufin sauran ƙasashen Turai ya duba Europass, tsarin Tarayyar Turai ne kuma kyauta ne.

Ƙanwata dai Google Docs ta zaɓa. Dare biyu ta yi tana rubutu a waya bayan sallar isha'i, ta fitar da kwafi uku daga tushe ɗaya. Na makaranta ya fara da koyarwa, na ƙungiyar agaji ya fara da rigakafi da aikin zaɓe, na banki ya fara da shagon POS. Shagon kwamfuta ma ta je a ƙarshe, amma fitar da takarda kawai ya kai ta, don makarantar ta ce a kawo da hannu cikin ambulan kafin ranar Alhamis.